Su Wane da Su Wane a Tafkunan Miniyapolis

Mutanen jihar Minesota ta Amurka sun rubuta a lambar motocinsu cewa tafkunansu dubu goma ne. Kawaici ne irin nasu, domin hukumar da ke kula da albarkatun jihar ta ƙirga 11,842, ba ta ma saka waɗanda ba su kai eka 10 ba. To mutumin da aka ba wannan uban ruwa, sannan ƙanƙara ta kulle masa shi tun daga Disamba har wajen Afrilu, ba sai an gaya maka abin da zai yi ranar da ta narke ba. Mai jirgi ya ɗaure shi a saman mota, marar jirgi ya nufi rumfar haya, gari ya tashi kacokan ya koma bakin ruwa.

A cikin birnin Miniyapolis kansa akwai tafkuna huɗu da ke jone da juna. Babbansu Bde Maka Ska, mai faɗin sama da eka 400, sai Lake of the Isles, wanda za mu kira Tafkin Tsibirai, sai Cedar, sai ɗan autansu Brownie. Ba haka aka same su ba. Hukumar wuraren shaƙatawa ta birnin ce ta haƙa mashigai a tsakaninsu a zamanin shugabanta Theodore Wirth: na farko a 1911, aka kwashe mako ana shagali, na biyu a 1913, wanda ya janye ruwan Cedar da kusan ƙafa 5, na ƙarshe a 1917. An haramta injin fetur a nan, saboda haka ruwan ya zama na masu ƙwanji, abin hawa uku ne suka fi yawa a kansa. Akwai kwale-kwale buɗaɗɗe, gadon 'yan asalin ƙasar su Ojibwe da ke ɗinka shi da ɓawon itace, ana tuƙa shi da filafili mai baki ɗaya. Akwai kayak, wanda Inuit na ƙasashen ƙanƙara suka ƙirƙira da fatar dabbar ruwa don farauta, ana zama cikinsa a miƙe ƙafa, filafilinsa baki biyu. Sai allon ruwa, ɗan gaɓar tekun Hawai, faffaɗan allo ne kawai da ake tsayawa a kai da dogon filafili.

A tsakiyar tafki kowa gwani ne. Ruwa da faɗi, in ka karkace ka ce dama can ka nufa, ba mai ƙaryata ka. Mashigi ne ke tona asiri. Wuri ne matsattse, bango hagu bango dama, gada a sama cike da 'yan kallo masu lasar askirim, kuma duk mai son fita daga wannan tafki zuwa wancan dole ta nan zai bi. Wanda ke son sanin halin mutanen birnin nan ya ajiye jaridunsu, ya je ya jingina da gadar titin Lake ranar wata Asabar ta watan Yuli, ya zuba ido.

Wanda zai fara wucewa ta ƙarƙashinka shi ne Ɗan Hayar Awa Ɗaya, don rumfar hayar tana nan gab da bakin mashigin. Yaron rumfa ya so ya nuna masa yadda ake riƙe filafili, ya ce a bar shi, ai ya taɓa gani. Ga shi nan ya riƙe shi a juye, yana ɗebo ruwa yana zuba wa cinyarsa. Amma fa yana tafiya, har da ɗan gudu, yana mamakin baiwar da Allah ya yi masa bai sani ba sai yau. Abin da bai lura da shi ba, iskar bazarar garin yawanci daga kudu take busowa, shi kuwa arewa ya dosa. Aikin iska ne yake karɓar yabonsa. Ya ratsa Tafkin Tsibirai, ya shiga mashigi na biyu mai inuwar itatuwa, ya ɓulla Cedar, sai ya ciro waya ya ga saura minti ashirin. Nan labari ya sha bamban. Yana juyawa, iskar da ke masa rakiya ɗazu ta tsaya a gabansa ta ce ba ta san zancen ba. In a kan allon ruwa yake abin ya fi muni, domin mutum a tsaye jikinsa iska ke kamawa ta mai da shi baya. Maganin sananne ne: ka durƙusa bisa gwiwa, ta rasa abin kamawa. To amma ɗazu ya wuce gaban jama'a a tsaye ƙiƙam, da wane ido zai dawo a durƙushe? Gara ya biya kuɗin awa ta biyu. Masu rumfa sun san shi sarai, da shi suke biyan albashi.

Bayansa sai Mata da Miji, a kwale-kwale ɗaya. Waɗannan su ne dalilin cikar gadar. Sai an ɗan yi bayani kafin a gane inda gizo ke saƙar. Kwale-kwale ba shi da sitiyari. Na gaba shi ke ba da ƙarfi, shi ke ganin abin da ke tafe. Na baya shi ke saita hanya, ta wajen murɗa filafili waje kaɗan a ƙarshen kowane ja, don kada hancin jirgi ya zarce ɗaya gefen. Wanda bai iya wannan murɗawar ba, jirginsa tafiyar maciji zai dinga yi. To kusan kullum maigida ne ke zama baya, ba don ya iya ba, sai don ya fi nauyi, kuma shi ya tuƙo motar da ta kawo su. Uwargida tana gaba, ba ta ganin abin da yake yi, tana dai ganin bango na matsowa. Shi kuma yana ganin duk abin da take yi, kuma kowanne yana da gyara a kansa.

"Masoyiya, koma dama."

"A daman nake."

"To ɗaya daman."

"Masoyi, gada za mu daka."

"Na gani."

"In ka gani, me ya sa muke nufarta?"

Ƙwam! Abin da ke ƙara wa wasan armashi shi ne mutanen Minesota ba su iya faɗa a bainar jama'a ba. An san su a duk Amurka da ladabin da ke lulluɓe fushi da murmushi. In ɗayansu ya dubi aikinka ya ce "wannan kam ya bambanta", to shirme ka tabka. Saboda haka sai ka ga jirgi ya gindaya a mashigi, jirage goma sun yi cirko-cirko a baya, mata da miji suna ta ba jama'a haƙuri da fara'a, jama'a na cewa ai ba komai, ga shi ma gari ya yi daɗi yau, alhali kowa haƙoransa a cije. Faɗan na gaskiya sai an shiga mota an ɗaga gilashi. Ba banza masu sana'ar ke yi wa jirgin mutum biyu laƙabi da jirgin saki ba.

Ga shi kuwa a jihar nan ne ake aikin da ya fi kowanne buƙatar bakin mutum biyu ya zo ɗaya a kwale-kwale. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba 'yan Ojibwe kan shiga tafkunan arewa girbin shinkafar ruwa, wadda ke tsirowa da kanta. Ɗaya yana tsaye da doguwar sanda yana tura jirgi cikin duhuwar shinkafa, ɗaya yana zaune da 'yan sanduna biyu, ya tanƙwaro zangarniya da wannan, ya kaɗe ta cikin jirgi da wancan. Dokar jiha ma ta ƙayyade abin: jirgi kada ya wuce ƙafa 18 a tsawo da inci 36 a faɗi, aiki daga ƙarfe 9 na safe zuwa 3 na rana. In na tsaye ya yi atishawa ba shiri, da shi da abokin aikinsa da shinkafar yini duk sun tafi ruwa. A ganina duk masu shirin aure a Minesota a kai su girbin yini ɗaya kafin a sa rana, ko gadar titin Lake ta samu sa'ida.

Sarkin Kaya ba ya haya. Jin kalmar ma ɓata masa rai yake. Kwale-kwalensa na Kevlar ne, zaren da ake yin rigar da harsashi ba ya hudawa, irin wanda ake ƙerawa a garin Winona na jihar, marar nauyi har mutum ɗaya kan saɓa shi, mai tsadar da bai taɓa gaya wa iyalinsa gaskiyarta ba. Yana da na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan'adam, da kamfas ko da na'urar ta mutu, da taswira cikin leda ko da kamfas ɗin ya ɓata. Ga usur a wuya, wuƙa a ƙirji, matatar ruwan sha, jakar magani, da igiyar da za ta ɗaure giwa. Duk wannan a tafkin da titin masu keke ya zagaye, wanda daga tsakiyarsa kana hango dogayen benayen birni, in ma ka ɓata iyakarta ka fita ta wani gefen ka kira tasi. Shirinsa a bakin ruwa ya fi tuƙinsa tsawo, gogar jirgi bayan an fito ta fi su duka. Kada ka kuskura jirginka ya gogi nasa. Zai ce ba komai, sannan ya sunkuya ya shafa wurin, ya daɗe yana shafawa.

Abokin gabarsa wani tsoho ne mai jirgin alminiyam. Kamfanin Grumman da ya ƙera jiragen sama na yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, da aka gama yaƙi sai ya shiga yin kwale-kwale da ƙarfen da ya saba, kuma har yau suna nan, sun lotse, sun kwarzane, sun ƙi mutuwa. Kafin ka ga tsohon nan za ka ji shi, don duk taɓawar filafili da gefen jirgi sai ta ce kwaram, kifin da ke ɗaya ƙarshen tafki ya san an iso. Wajen mahaifinsa ya gaji jirgin, kuma yakan ja shi ƙiii a kan tsakuwa da hannu ɗaya a gaban Sarkin Kaya, da gangan.

Akwai kuma wanda gangar jikinsa ce kawai ke Miniyapolis. Kowace magana tasa da "a can arewa" take farawa. Ka ce ruwan nan da kyau, ya ce a can arewa har ƙasansa kake gani. Ka ce sauro ya dame ka, ya yi maka dariyar tausayi. Arewar tasa ita ce Boundary Waters, dajin da ke kan iyakar Kanada, tafiyar awa huɗu ko biyar a mota, kuma gaskiya wurin ya isa a yi tinƙaho da shi: sama da eka miliyan 1, tafkuna fiye da 1,100, hanyoyin kwale-kwale da suka haura mil 1,200. Can ba wanda ya haƙa wa kowa mashigi. In tafki ya ƙare sai ka sauke kaya, ka kifa jirgi a kafaɗa, kanka a ciki, ka bi 'yar siririyar hanya cikin duwatsu da taɓo zuwa na gaba, ka dawo ka kwashi kayan. Tsawon wannan dakon da wani tsohon ma'auni ake lissafa shi, sanda, mai ƙafa 16 da rabi, kusan tsawon jirgin kansa. Sanda 320 ne mil guda. Mutumin naka ya riga ya manta da kowane awo sai wannan. Tambaye shi ina banɗaki, ya ce maka sanda arba'in ne daga nan.

Ya haddace dokokin can yana karanta wa wanda bai tambaya ba: ayari kada ya wuce mutum 9 da jirgi 4, ba a shiga da abincin gwangwani ko kwalba, izinin shiga kuwa tun Janairu ake rububinsa a intanet, lokacin da tafkunan ke kwance ƙarƙashin ƙanƙara. In ka bar shi ya yi nisa zai kai ka ga 'yan dakon fatu na ƙarni na 18, Faransawan Kanada da ke saɓa ƙunshi biyu, kowanne laba 90, su ratsa Grand Portage mai mil 8 da rabi, yana ba da labarin da muryar wanda aka yi abin da shi. Akwai tafki na biyar, Harriet, kudu da Bde Maka Ska, da ba a haɗa shi da sauran ba. Kowa in zai je can a mota yake ɗora jirginsa. Shi kaɗai za ka gani ya kifa kwale-kwale a ka yana tsallaka titi, motoci sun tsaya, jirgi na tafiya da ƙafa biyu, mai shi yana cikin farin cikin da rabonsa da shi tun bara. Duk da haka, ranar da jirginka ya kife, roƙi Allah ya sa shi ne a kusa. Ya iya ceto, ya iya juyo da jirgi a tsakiyar tafki ya zubar da ruwan. Ladan aikinsa kawai ka saurari yadda irin haka ta taɓa faruwa a can arewa, sai dai waccan ta fi taka muni.

Jama'ar allon ruwa su ne baƙin baya-bayan nan. Sai a shekarun 2000 abin ya bazu, har a 2008 rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta yanke cewa allon nan jirgi ne a idon doka, hukuncin da har yau ya tsaya wa masu kwale-kwale a wuya. A cikinsu akwai Mai Yoga. Ta ga motsa jiki a ƙasa mai tauri ya yi mata sauƙi, sai ta kwaso shi ta kawo kan abin da ke tangal-tangal. Ƙungiya suke zuwa, da malamarsu, kowace ta saki ɗan nauyi a igiya don kada iska ta yi gaba da ita, su yi tsit, ido a rufe, ƙafa ɗaya a sama. Malama na cewa a saki jiki, a manta da duniya. Can sai ka ji tsundum, wata ta saki fiye da kima. Ta fito tsamo-tsamo tana dariya, wai dama zafi take ji. Ba a taɓa samun wanda ya faɗo daga allo bai ce dama zafi yake ji ba.

Mai Kare ya saya wa karensa rigar ruwa mai maɗauri uku da mariƙi a gadon baya, shi kuwa daga shi sai gajeren wando. Kare na zaune ɗare-ɗare a hancin allo, kowa na cewa kai, wannan akwai natsuwa. Natsuwar tana nan har sai agwagwa ta gifta. Mai Hoto kuma ba tuƙi ya kawo shi ba, shaida ya zo nema. Ya ɗaga waya sama yana karkata, yana neman inda benayen birni za su fito ta bayan kunnensa. Zurfin Bde Maka Ska ya haura ƙafa 80, kuma ba ya mai da waya.

Sai wasu dattijai biyu da ba sa ga maciji, amma kullum tare ake ganinsu, kowa a kayak ɗinsa. Rigimarsu sunan babban tafkin. Kusan shekara 200 ana kiransa Calhoun, sunan John C. Calhoun, sakataren yaƙin da ya ba da umarnin kafa sansanin sojan da ya zama Fort Snelling a kusa, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa, ya kuma yi ƙaurin suna wajen kare tsarin bauta. A 2018 hukumar jiha ta maido da sunan Dakota, mutanen da suka yi ƙauyen noma a gaɓarsa daga 1829 zuwa 1839 ƙarƙashin shugabansu Cloud Man. Aka tafi kotu. Ta ɗaukaka ƙara ta ce hukumar ba ta da hurumi, ta ƙolin jihar a 2020 ta ce tana da shi, magana ta ƙare a takarda. A ruwa ba ta ƙare ba. Na farkon yakan faɗi tsohon sunan da ƙarfi, ya waiga ya ga wa zai tanka. Na biyun ya tanka, ya gyara masa, ya gyara wa na gefe da bai ce uffan ba, sannan ya juya ga wanda ya faɗi sabon sunan ya gyara masa furuci. Gaskiya tana wajen na biyu, don Calhoun ko ganin tafkin bai taɓa yi ba. Sai dai mai gaskiyar ya fi wuyar zama.

Mai Kifi ya san kifi na son bakin mashigi, don haka nan yake kafa kayak ɗinsa, daidai inda kowa zai bi, yana harare-harare. Abin da yake nema shi ne muskie, wani dogon kifi mai haƙora da hukuma ke zubawa a tafkunan, wanda masu kama shi da kansu ke cewa sai ka yi jifa dubu goma kafin ka samu ɗaya. Abin jifan nasa kifin roba ne da ya fi tafin hannu tsawo, ƙugiyoyi na reto a jikinsa, yana wulwula shi ta saman kawunan 'ya'yan mutane. Tun safe bai kama komai ba, kuma ya san dalili: kai ne da ka wuce ɗazu ka kore masa. Ranar da ya dace kuwa, ya auna, ya ɗauki hoto, ya lallaɓa kifin ya mai da shi ruwa, ya koma gida ya ci burodi. In ka dawo a Janairu za ka same shi a wurin, ya huda ƙanƙara yana zaune kan bokiti, hararar ba ta sauya ba.

'Yan Tsere ba sa gaisuwa. Su biyu ne a siririn jirgi, filafili na shiga ruwa kusan kowace daƙiƙa, na baya yana cewa "hat" jefi-jefi su sauya hannu tare. Kafin ka ce sannunku sun bar ka kana rawa a kan igiyar ruwansu. Ba abin da ke ƙona musu rai irin su taras da Mata da Miji a gindaye a mashigi, agogo na tafiya.

Tafkin Tsibirai fadama ce a da kafin a yashe ta, yanzu kuwa gidajen masu hannu da shuni ne suka kewaye shi. Nan Dillali ke ajiye filafili ya kama aikinsa: wancan zai kai miliyan uku, wancan sabon rufi ne, wancan kuwa ko kyauta aka ba shi ba ya so, harajinsa ya yi yawa. Shi a ɗakin haya yake. Tsibiran biyu da ke tsakiya an keɓe su don tsuntsaye, an kafa sanarwa an hana sauka, amma ba a rasa wanda zai karanta ta tsaf, ya fahimci cewa da wasu ake, ya ɗaure jirginsa a jikin ƙarfen sanarwar.

Wanda na fi tausaya wa ba ya ma cikin ruwa. Matashi ne mai aikin bazara, yana zaune a kujerar roba a inda ake saukar da jirage, aikinsa ya duba ko ka kwaso ciyawa daga wani tafki. Mutane na masa kallon mai neman magana. Ciyawar kuwa ba abar wasa ba ce. Milfoil sunanta, daga Turai da Asiya ta zo, an fara ganinta a jihar a tafkin Minnetonka a 1987. Ɗan guntunta da ya maƙale a jirgi ya isa ya kafa sabuwar gona a wani ruwan, ta taso ta shimfiɗe a sama, ta shaƙe ciyawar gida, ta naɗe filafili da ƙafar mai iyo. Kowace bazara hukumar birni na saka injin yankan ciyawa mai yawo a kan ruwa yana aske ta, tana sake tofowa. Wanda ya san yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru, ta hana masunta da manoma sakat, ba zai yi wa yaron nan tsaki ba. Haɗuwar tafkunan da ke sa tuƙi daɗi ita ce kuma ke sa abin da ya shiga ɗaya ya shiga duka. Sarkin Kaya dai na ƙaunar yaron, don shi kaɗai ke duba jirginsa da irin kulawar da ta kamata.

Doka ta ce kowane jirgi, har allon ruwa, ya kasance da rigar ruwa ɗaya ga kowane mutum, yaron da bai kai shekara 10 ba kuma dole ta kasance a jikinsa. Babba an bar shi da hankalinsa, nan aka samu matsala. Mai Matashin Zama ya gano rigar na da laushi, ya ninke ta ya zauna a kai. Hujjarsa ya iya iyo. A Yuli, ruwa da ɗumi, jama'a ko'ina, yawanci yakan sha da jin kunya kawai. Amma shi ne dai mutumin da ke fitowa a Afrilu, ƙanƙara na narkewa, don rana ta haska ya ga mutane da gajeren wando. Iska ta yi ɗumi, ruwa bai yi ba. Wanda ya faɗa ruwa mai irin wannan sanyi, abin da jikinsa ke fara yi shi ne zuƙar numfashi da ƙarfi ba da yardarsa ba, in kansa na ƙasa to ruwa ya zuƙa. Cikin 'yan mintoci hannu ya daina jin magana. A lokacin gwanin iyo da ɗan koyo duk ɗaya suke, bambancin kawai wa ke sanye da riga. Wannan kam ba ya cikin waɗanda nake yi wa dariya.

Ƙarshen tafiya Brownie ne, kuma ba kowa ke kaiwa ba. Daga Cedar sai an bi ta wani matsattsen rami a ƙarƙashin titi, inda mai kayak ke tattare filafili, mai allo ya durƙusa yana so ko ba ya so. Wanda ya ɓulla zai tarar da ɗan tafki kewaye da itatuwa, babbar hanyar mota na ruri a gefensa. Yana da nasa abin mamakin: ruwan ƙasansa ba ya gauraya da na sama duk shekara, gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara ya ƙara masa nauyi ya kwanta luf. Amma wannan ba abin da ido ke gani ba ne. Abin da ido ke gani, minti biyar ya ishe shi. Sai dai Wanda Ya Kai Brownie ba zai taɓa amsa haka ba. Ya sha wuya, dole wuyar ta yi daraja. Zai dawo ya ce maka sauran tafkunan na 'yan yawon buɗe ido ne, wanda bai ga Brownie ba bai ga komai ba. Kai ma ka kwashi jiki ka je, ka dawo ka gaya wa na bayanka haka.

Kai mai karatu, in hanya ta kai ka Miniyapolis tsakanin Yuni da Agusta, sauko daga gadar ka gwada. Fito da safe kafin iska ta yi ƙarfi, ka fara dosar inda take busowa tun kana da sauran damtse, don ta rako ka a dawowa. A mashigi ka kama dama. Riga a jiki, waya a leda mai igiya. In jirgin naka ne, a jihar kake ajiye shi, kuma ya wuce ƙafa 10, sai ka yi masa rajista. In kuwa da uwargida za ku shiga, ku karɓi kayak biyu. Ya fi kuɗin jirgi ɗaya, amma bai kai kuɗin lauya ba.